Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Sito

Duk ƙarshen damina sai a aiko wa Baba daga wani kamfani a Challawa, a ce daɓen sitonsu ya sake zaunawa. Wuri ɗaya ne kullum, kusa da ƙofar gabas, inda simintin ke lotsawa har motar ɗaga kaya ta riƙa tangaɗi. Baba magini ne. Yakan fasa wurin, ya zuba tsakuwa, ya daddaɓe, ya malala sabon kankare. Ranar da zai je, hularsa ta Juma'a yake sawa.

Ina aji biyu a jami'a ya ce in raka shi. Muka tarar da injiniyan kamfanin yana zagaya lotsin.

"Baba, kun gyara bara, kun gyara bara waccan," ya ce yana dariya. "Ko aljanu ne ke shanye mana simintin?"

"Aljanun Challawa fura suka sani, Injiniya."

Da injiniyan ya juya amsa waya, Baba ya ja ni gefe. "Nan rijiyarmu take," ya ce a hankali. "Nan Inna ke yi mana wanka. Can inda buhunan suke, bishiyar tsamiya ce." Ashe gidansu ne a wurin kafin a karɓi filayen a gina masana'antu. Shara da ƙasa kawai aka tura wa rijiyar, aka shimfiɗa siminti a kai. Ban da wannan gyaran, ba abin da zai sa mai gadi ya buɗe wa Baba ƙofa.

Na lumshe ido ina neman ƙarar guga a cikin rugugin injuna.

Sai ga motar ɗaga kaya da lodi. Tayarta ta faɗa lotsin, buhu biyu suka zubo dab da ƙafar wani lebura. Allah ya kiyaye. Baba ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya kira injiniya.

"Akwai tsohuwar rijiya a ƙasa. Sai an tono ta har gindi, a cike ta da dutse."

"Daman kun sani?"

"Na sani."

Shi da kansa ya tsaya a kan aikin har aka gama. Daɓen bai ƙara motsi ba, ba a kuma ƙara aiko masa ba. Yanzu idan muka bi titin a adaidaita sahu, yakan ce wa direba ya sassauta daidai katangar. Ni kuwa ranar nan ce kaɗai na taɓa shiga gidan kakata, ban ma tambaye shi ina ɗakinta yake ba.