Baƙin Tukunya a Kumatun Ƙanwata

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da ƙanwata, kuma wanzami ɗaya ya yi mana aska: tsaga daga gefen baki har kusa da kunne, irin ta gidanmu a Kurfai. Ni na zauna Filinge ina tuyar ƙosai a bakin tasha. Ita ta yi lakwal, karatun boko, ta samu aiki a Yamai, tana karɓar baƙi a wani ofis mai sanyi. Wannan sanyin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wata bazara ƙanwata ta sauko daga mota da mayafi har hanci. Sai da muka shiga ɗaki ta yaye shi. Kumatunta jajur, ɗanye, suna tsattsafo da ruwa kamar naman da aka feɗe yanzu. Ta ce a wani kilinik likita ya kashe wurin da allura, ya sa wani ɗan inji mai juyawa ya kankare fatar sama har tsagar ta shafe. In ta warke, sabuwar fata za ta fito sumul. Ya hana ta shiga rana, ya hana ta shafa komai sai man da ya ba ta. Hutun wata guda ta ɗauka, ta zo ta ɓuya a wurinmu.

Na tambaye ta dalili. Ta ce ta gaji da mutanen da ke kallon fuskarta su kira ta 'yar ƙauye tun ba ta buɗe baki ba. Tana faɗa, idonta na kan kumatuna. Na ji maganar har cikin ƙashina, na zuba mata fura.

Kwana biyar man ya ƙare. Farmasin garin babu irinsa, sai an aiko daga Yamai. Wurin ya bushe yana jan ta, ƙaiƙayi ya hana ta sakat, ta zauna kan hannuwanta tana hawaye. Inna ta kasa jurewa.

"Wanga ai ciwon aska na," in ji Inna. "Ɗauko mini tukunya da man shanu."

Ni na ɗauko. Inna ta kankaro baƙin gindin tukunya ta kwaɓa da man. Ita dai a saninta magani ne, shi ake shafa wa jariri bayan aska ciwo ya kame. Ni kuwa na sha riƙe wa wanzami jariran maƙwabta, kuma da bakinsa ya gaya mini amfanin baƙin: yana shiga ɗanyen ciwo, fata ta rufe a kansa, zane ya fito ya zauna har kabari.

Ƙanwata ta ja da baya, ta dube ni. "Yaya, likita ya ce kar in sa komi. Ba shi ɓata ni?"

Na ce, "Da shi anka warkar da mu duka. Tsaya wuri guda."

Ta rufe ido ta miƙa fuska. Ni na riƙe mata kai.

Ƙaiƙayin ya lafa kuwa, har ta sa mana albarka. Kwana uku ana shafawa. Da ɓawon ya faɗi, sai ga baƙi shimfiɗe a kumatu biyu, faɗin tafin hannu, dabbare-dabbare, ya fi tsagar muni nesa ba kusa ba. Ta wanke da sabulu har jini. Da ta koma Yamai, likitan ya ce baƙin ya yi zurfi, in ya sake kankarewa tabo zai bari.

Ƙanwata ta ɗora wa Inna laifin. Ta ce jahilcin tsohuwa ya kashe mata fuska, ta daina zuwa, ta daina karɓar wayarta. Inna ta yi shekara biyu tana aika mata gero da garin kuka, ana dawo da su. Har ta rasu tana tambayata me ta yi ba daidai ba, ina ce mata ta yi haƙuri, halin 'yan birni ne.

Ni ƙanwata take kira duk Juma'a. A ofis an mai da ita ɗakin baya wurin takardu, inda baƙi ba sa shiga. Takan yi kuka, ta ce, "Yaya, ke ɗai gare ni." Nakan ce mata haka ne, in juya ƙosaina kada ya ƙone.