Gem Ɗin da Ba a Riƙewa da Hannu

Ina da gidan gem a Talata Mafara, shago ne ɗaya ba nisa da tasha. Talabijin uku, benci huɗu, sai janareta a baya da ke tari kullum kamar mai tsohuwar mura. Samari kan zauna bibbiyu, kowa riƙe da fad, wannan abin mai maɓallai da ake juya 'yan ƙwallo da shi, su yi ta cin juna suna zagin juna har a kira magariba. Ni ban taɓa iyawa ba. Shekara bakwai ina wannan sana'a, amma in na karɓi fad, ɗan wasana waje yake fita da ƙwallo ba wanda ya kore shi. Wanda ya iya a gidanmu ƙanena ne.

Mu mahauta ne tun kakanni. Ni na gudu daga wuƙa tun ina sakandare don ba na son ƙarnin jini, babanmu ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale ni. Ƙanena ne ya tsaya a fawa. Da sassafe yana mahauta, da rana yana kan teburin nama, bayan la'asar ya wanke hannu ya taho shagona. Duk fad ɗin da ya riƙe ana gane shi, don sai ya yi maiƙo, na yi mita har na daina. Ba mai cinsa a gem. Har daga Bakura samari kan hawo mashin su zo gwada shi, su koma suna cewa fad ɗin da na ba su ne ya lalace. Ga shi da baki, in ya zura maka ƙwallo sai ya tambaye ka lafiyar gida da ta iyali, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya zo gaisuwa.

Shekarar da abin ya faru, ya tafi wajen Damaga sayo shanu, a hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu. Ya yi wata ɗaya da 'yan kwanaki a daji. Sau biyu suka turo bidiyo a wayar babanmu. Baba ya kalla, ƙanen baba ya kalla, ni na ce ba zan kalla ba, na fita na koma shago na kunna janareta. A duk kwanakin nan ban rufe shago ko sau ɗaya ba, ban yi kuka ba, ina cin abinci ina ƙoshi. Na sha tambayar kaina ko ni ɗin lafiyata ƙalau. Daga ƙarshe aka yi abin da ake yi, aka sako shi.

Ya dawo da ƙafarsa, amma hannuwansa ba su dawo ba. Igiyar da suka ɗaure shi da ita ta ci wuyan hannunsa duka biyu, yatsun suka lanƙwashe ciki, manyan yatsun ba sa motsi sai ɗan kaɗan. Likita a Gusau ya ce jijiya ce ta taɓu, a ci gaba da gashi, tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi. Jama'a suka yi ta zuwa barka, kowa ya ce an auna arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya sha ruwa ya tashi. Ba wanda ya tambaye shi abin da aka yi masa a can. A wajenmu ba a tambaya. Balle ni da nake wansa, tsakanina da shi akwai 'yar kunyar nan, sai na shiga ɗakinsa na ce ya jiki, ya ce da sauƙi, na fito.

Wata uku bai taka ƙofar gida ba sai zuwa asibiti. Kafin nan baba ya taɓa lallaɓa shi ya kai shi teburin nama, wai ko zama ne ya riƙa yi yana ganin mutane. Ya kai hannu zai ɗauki wuƙa, ta zame ta faɗi ƙasa a gaban masu saye, tun daga ranar ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Abokansa su zo ya ce a ce yana barci. Wata safiya baba ya tsayar da ni a zaure ya ce shi ba hannun ke ba shi tsoro ba, ɗakin nan ne. Ya ce in yaron nan bai fito cikin mutane ba, mun karɓo shi daga daji ne kawai mu rasa shi a cikin gida. Ya ce ni ne na san abin da yake so, in san yadda zan yi.

A nan na tuna wata tsohuwar gardama. Shekarun baya samarin shagona sun yi ta musu a kan manyan kamfanoni biyu da ke ƙera akwatin gem. Ɗaya ya tsaya a kan fad. Ɗayan ya fito da wata kyamara da ake ɗorawa a saman talabijin, wai a jefar da fad, jikin mutum ne zai yi komai: ka kai naushi ɗan wasanka ya kai naushi, ka yi tsalle ya yi tsalle. Wasu suka ce shi ke nan kwanan fad ya ƙare. Ƙanena ya ce shi da gemunsa ba zai tsaya gaban talabijin yana rawa ba. Kuma gaskiyarsa ce ta fito, don ko a can inda aka ƙera ta mutane suka yi ɗokinta na ɗan lokaci suka koma wa fad. Abin da suka yar ne ke isowa wajenmu a gwanjo. Sai na ce to, ga gem ɗin da ba ya neman yatsa. Na yi wa wani direba da ke zuwa Kano bayani, cikin sati ya kawo mini ita a kwali.

Sai da na fitar da benci biyu kafin ta samu fili. Na rufe ƙofa na gwada ni kaɗai. Baƙa ce doguwa mai ido uku, in an kunna sai ta ɗaga kai ta sunkuyar tana neman mutum, da wani ɗan jan haske a gefe. Na gano ba ta san doguwar riga ba. In ka tsaya da jallabiya ba ta ganin ƙafarka, sai ɗan wasan ya zauna a iska kamar gurgu, dole ka tattare riga ka soke a wando. Haka na yi ta dambe da iska ina gumi, ba kowa a shagon amma kunya ta kama ni. Masu zuwa gem suka gwada kwana biyu suna dariya, suka koma benci. Wani magidanci ya ce shi dai ba da shi ba, in surukinsa ya wuce ya hango shi yana tsalle, da wane ido zai je gaisuwar Juma'a? Ban damu ba, ba don su na saye ta ba.

Kuskuren da na yi shi ne na mai da abin biki. Na gaya wa abokansa biyar su zo ranar Laraba bayan la'asar, na sayi lemo na sa a ƙanƙara. Na shiga ɗakinsa na ce ya shirya zan kai shi shago, akwai abin da na kawo masa. Ya dube ni. Da wani ne ya faɗa, cewa zai yi kansa na ciwo, amma bai taɓa yi mini musu ba tun yana ƙarami. Ya sa kaftani mai dogon hannu wanda ya rufe har yatsu, ya hau bayan mashin ɗina, ya zagaye ni da damatsa saboda ba ya iya riƙe ƙarfe.

Abokan suka miƙe da ya shigo. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina wuni, ina gajiya, ya jiki, ya baba, ya inna, ya ƙarin haƙuri. Ɗaya ya miƙa hannu ya tuna, ya mai da shi ƙirji. Na nuna masa kyamarar na yi ta zuba bayani kamar mai tallar magani, na ce wannan ba ruwanta da yatsu, gola zai tsaya, ƙwallo ta taho ya tare da hannu ko da ƙafa ko da kai. Babban abokinsa, mai sayar da shayi a bakin tasha, ya tsokane shi cewa yau dai za a ga rawar da ya rantse ba zai yi ba. Har ya ɗan yi murmushi. Na ga murmushin na ce a raina aiki ya yi kyau.

Na tsayar da shi a kan layin da na ja da alli. Kyamara ta ɗaga kai ta sunkuyar, jan hasken ya kama. Kafin a fara wasa sai ta gane wanda zai buga, don haka hoton mutum ya fito a talabijin ya ɗaga hannu biyu sama, alamar a yi kamar yadda ya yi. Ƙanena ya ɗan ɗaga. Ba ta gan shi ba saboda faɗin hannun rigar. Abokan suka fara ce masa ya ɗaga hannu, ya ƙara sama, sama dai, su biyar baki ɗaya suna dariya. Ni ma na ce ya ɗaga sosai, ya kalli kyamara. Ya ɗaga har sama da kansa. Hannun rigar ya zamo zuwa gwiwar hannu, tabon igiyar ya fito fili, fari fat, ya zagaye kowane wuyan hannu.

Kyamarar ta gane shi, wasa ya fara. Ƙwallo ta farko ta wuce ta gefensa ta shiga raga. Ta biyu ma haka. Mai shayi ya ce to gola, a tare mana. Bai motsa ba. Hannuwansa na sama, ƙafafunsa a haɗe, ba talabijin yake kallo ba, wannan ɗan jan hasken yake kallo, ko ƙiftawa ba ya yi. Dariyar ta yi ta raguwa har ba a jin komai sai janareta da ihun 'yan kallo na cikin gem. Damatsansa suka fara rawa don gajiya, gumi na bin haɓarsa, bai sauke ba. Na kira sunansa sau biyu. Sai da na je gabansa na tare tsakaninsa da kyamarar na ce ya sauke hannunsa, sannan ya sauke a hankali.

Ya ce, "Ba a ce mu sauke ba, Yaya."

Abokan suka zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ya bar shago ba kowa, wancan ya ce ana kiransa a waya. Mai shayi ne na ƙarshe, ya tsaya bakin ƙofa kamar zai yi magana, ya ce Allah shi sawwaƙe, ya tafi. Ni ban ji komai a raina ba. Abin da na tuna shi ne na lura ƙanƙarar lemon ta narke ta jiƙa ƙasa, na ɗauko tsumma na goge tas. Sannan na zare wayar kyamarar na juya fuskarta bango.

Ya zauna a benci. Ban tambaye shi ba, shi ya fara magana yana kallon ƙasa. Ya ce duk bayan 'yan kwanaki sai a jera su a rana, hannu a ɗaure, a ce kowa ya ɗaga sama, ɗaya daga cikin mutanen ya riƙe waya yana bin fuskokinsu da ita. A ce su kalli wayar. Ya fara faɗin abin da ake yi wa duk wanda ya sauke kafin a gama ɗauka, bai ƙarasa ba. Na ce masa ni ban kalli bidiyon ba. Ya ce ya sani, baba ya gaya masa. Na ce bari in tada mashin in mai da shi gida, kuma na san in ya shiga ɗakin nan yau ba zan sake samun bakin ce masa ya fito ba.

Ya ce, "Dakata. Miƙo mani fad."

Na ce ai ba zai iya dannawa ba. Ya ce ya sani, in dai miƙo. Na ɗauko na aza masa a cinya, ya zame. Sai na durƙusa na kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na naɗe su a jikin fad ɗin, na ɗora manyan yatsun a inda suke zama da. Hannunsa sanyi ƙalau, ya yi laushi, duk kantar wuƙa ta tafi. Rabon da in riƙe hannunsa tun ina kai shi makarantar firamare. Na kunna masa ƙwallo a talabijin na tsakiya, shi da na'ura.

Aka busa usur. Ɗan wasansa ya tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a ƙafa, aka zo aka ƙwace aka wuce. Babban yatsansa na hagu ya ɗan tura, ɗan wasan ya yi taku biyu ya tsaya. Aka ci shi ɗaya, aka ci biyu. Na kai hannu zan kashe, ya girgiza kai.

"Bar shi. Wanga dai ba shi kallon mutum."

Na zauna kusa da shi a bencin muka kalli wasan har ƙarshe, aka tashi tara da babu. Wasu samari biyu suka leƙo daga ƙofa suna tambaya ko akwai wuri. Na buɗe baki zan ce an rufe, ya riga ni, ya ce su shigo su kama wancan talabijin, wannan da mutum a kai. Sannan ya ce in sake sa masa wani wasan.