Ƙafafu a Bayan Zana

Kakarmu, Iya Asabe, ba ta yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita mata, sai ta ƙanƙance ido tana neman abin da ka zo ɗauka. A gidanmu na Akurba, da an idar da magariba za ta hura wuta a tsakar gida, ta jera doya a garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Duk wanda ya shigo tatsuniyarta sai ta zama shi. In kura ce, za ta yi ɗan tari sau biyu, ta sosa bayan kunne, sannan ta kwantar da murya kamar mai roƙon gishiri.

A lokacin muna da ɗan haya a ɗakin zaure, Baba Ladan, mai wasan kwaikwayo a talabijin. Bai taɓa fitowa jarumi ba. Kullum shi ne dillalin da ya sayar da gona ɗaya ga mutum biyu, ko maigadin da ya buɗe wa ɓarayi ƙofa. A gida kuwa shiru-shiru ne, daga ɗinkin hula sai masallaci. Iya dai ko a jikinta.

"Mutum bai taɓa cin amana ba, zai iya kwatanta shi daidai haka?" in ji ta. "Ku ɗaure awaki da kyau."

Ni ce na fara ganin ƙafafunsa. Akwai zana tsakanin zaure da cikin gida, kuma duk maraice, da Iya ta fara, sai silifas biyu su bayyana a ƙarƙashinta, ba sa motsi har a tashi. Na raɗa mata, ina jin kaina wata babba.

Ranar ta ɗaga murya ta ba mu labarin kurar da ta sa farar riga ta zo baƙunci wani gari. Kwana uku tana zaune a ƙofar gida, ba ta ci ba, ba ta roƙi komai ba, sai gaisuwa da saurare. Mutane suka ce ba su taɓa ganin baƙo mai kunya irinta ba. Ashe kukan awaki take ji don ta san inda garke yake. A kwana na huɗu aka wayi gari sai igiyoyi.

Washegari ta tasa mahaifinmu a gaba, ko Ladan ya bar gidan ko ita ta koma Assakio wurin danginta. Ladan ya durƙusa daga bakin zaure, domin bai taɓa ƙetare zanar nan ba, namiji baƙo ba ya shiga cikin mata.

"Iya, wallahi saurare kawai nake yi."

"Ita ma kurar saurare ta yi."

Ya tattara kayansa a buhu biyu ya tafi.

Bayan wasu watanni muka ja Iya zuwa shagon maƙwabci kallon sabon wasa. Sai ga Baba Ladan ya fito a matsayin wani tsohon mayaudari da ya je baƙunci. Ya yi ɗan tari sau biyu, ya sosa bayan kunne, ya kwantar da murya. Gaba ɗaya muka kwashe da ihu, "Kurar Iya!" Abin da ya yi ta tsayawa koyo ke nan.

Iya ba ta yi dariya ba. Sai da muka kusa gida ta ce, "Tarin na biyu bai yi daidai ba. Da ya matso kusa, da ya ji da kyau."

Ta tura mahaifinmu nemansa, aka ce ya koma Kano. Daga nan duk maraice sai ta juya kujerarta ta fuskanci zana, har ta rasu.

Shi ma ya rasu yanzu, bayan ya tsufa yana fitowa mugu, mutane suna tsine masa cikin jin daɗi. Na girma ina riƙe da darasin kurar, kuma har yau ina ƙanƙance ido ga mai tsawaita gaisuwa. Amma abin da ban lura da shi ba ina yarinya, yanzu yana damuna: duk Akurba babu wanda ya iya kwaikwayon kura kamar Iya, kuma ko allura ba ta taɓa ɗauke wa kowa ba. Idan aka maimaita tsohon wasan nan, ba na iya kallonsa har ƙarshe. Tarin kakata nake ji a bakin mutumin da na sa aka kora.