Mama Ihuoma da Kafar Katanga

Ni Bintu, in aka ce in ba da labarin Clementina sai dariya ta riga ni, don ban san ta inda zan kama shi ba. Duk Gomari Mama Ihuoma ake kiranta. Daga Orlu can kudu mijinta Cosmas ya kawo ta Maiduguri tana amarya, siririya, ko "zo" ba ta ji da Hausa, kullum kuka wai rana za ta kashe ta. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, ranar ba ta kashe ta ba, ita ce ma ke yi wa masu keke Napep faɗa da Kanuri. Cosmas yana sayar da kayan gyaran janareta, ita kuma manja da busasshen kifi a Kasuwar Monday.

Gidajenmu baya da baya suke. Ƙofarta tana layin coci, tawa tana layin injin niƙa, in za ka zagaya sai ka yi tafiyar da gwiwata ba ta ɗauka yanzu. Abin da ya haɗa mu katanga ce. Wata damina ruwa ya zubar da bulo biyu a tsakiyarta, aka yi ta cewa za a gyara, ba a gyara ba. Ta wannan kafar na miƙa mata kunun kanwa ranar da ta haifi Ihuoma, a wata langa mai murfi. Ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam, ashe a garinsu ma haka ne, sai ta maido da shinkafa a ciki. Na mayar da burabusko. Tun daga ranar langar nan ba ta huta ba. Da azumi kunu da ƙosai su tafi. Da Kirsimeti kajinta su ƙetaro da ransu, mijina Ba Ajimi ya yanka don mu ma mu ci, su koma a fige, su dawo a soye. Shekarun rikici, lokacin dokar hana fita, ta kafar nan muke tambayar juna ko kowa ya dawo gida. Har yau gardama muke kan mai langar. Tawa ce. Ita ta ce murfin dai nata ne.

Bara sai Ihuoma, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, suka gama gida a Maisandari ita da mijinta Godwin, har da sashe na musamman don iyayenta. Gidan Gomari kuwa, gaskiya ya gaji. Rufi yana yoyo, gara ta cinye ƙofofi, bangon kicin ya tsage har kana hango hasken waje. Ihuoma ta ce ko su koma can ko a gyara nan, amma ba za ta bar su haka ba. Cosmas ya ce shi duk abin da matarsa ta zaɓa. Ba zan ɓoye ba, tsoro na ji. 'Ya'yana duk sun yi aure sun watse, Ba Ajimi kuwa rediyo ce abokiyar hirarsa, in matar nan ta tafi da wa zan yi magana?

Rannan ta leƙo ta kafar ta ce, "Ya Bintu, shirya ki raka ni mu ga gidan."

Na je da niyyar kushe, ban kuma yi kunya ba. Gida kam ya haɗu, tayil har banɗaki, famfo a cikin kicin. Na ce tayil ɗin nan santsi gare shi, zai kayar da ke ki karye. Na ce ruwan famfon ma gishiri-gishiri ne.

Ta ce, "Ai ba ki sha ba."

Na ce, "A ido na gani."

Godwin da ke zagayawa da mu ya juya baya kafaɗarsa na rawa don dariya. Ita kuwa ta zagaya bayan gidan, ta tsaya gaban katangar, doguwa da waya a samanta, ta ƙwanƙwasa da hannu, ta kasa kunne. Ba wanda ya amsa. Sai da muka hau Napep muka kama hanya ta ce, "Ya Bintu, gyara za a yi." Guɗar da na rangaɗa saura kaɗan direban ya zuba mu a kwata. Na rungume wata mata da ke gefena, ban taɓa ganinta ba, har yau ban san sunanta ba.

Aka kawo magini, sunansa Dzarma, mutum mai son aikinsa, ko tsaga ba ya son gani. Su Mama Ihuoma suka koma wurin 'yarsu na wata guda. Ni kuwa murna ta hana ni zama. Kullum kaina yana cikin kafar, ina duba siminti, ina ce wa leburori nan bai miƙe ba, can ku ƙara ruwa. Ba wanda ya sa ni. Da aiki ya kusa ƙarewa na tafi Zabarmari suna, na kwana shida, na dawo da sabuwar shinkafa a ƙulle dominta, don langar tana hannuna, juyina ne.

Ina shiga ko mayafi ban cire ba na nufi katangar. Babu kafa. An toshe, an ƙara bulo layi uku a sama. Kuma ga muryarta can ciki tana waƙar coci, sun dawo. Na tambayi Ba Ajimi, ya ce shi ya ji ana aiki dai, bai lura ba. Namiji ke nan. Ya ce in zagaya mana, ko in kira ta a waya. Ni Bintu in kira in ce me ya sa kika toshe ni? Allah ya kiyaye. Na ce wato ta samu sabon gida, ta ga ba ta dace da leƙen tsohuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har kuka na yi a kicin na ce hayaƙi ne.

Ashe ita ma can tana kumbure, ta ɗauka ni na sa aka rufe saboda ƙura da idon leburori. Kwana uku muna haka, kowa yana jin motsin tukunyar ɗan'uwansa. A na uku Dzarma ya zo kwashe kayan aikinsa, yana ta alfahari, ya ce wa Mama Ihuoma, "Madam, na ga wata mata kullum tana leƙo muku gida tana surutu, shi ne na raba ku da ita."

Wannan daga baya na ji. Abin da na ji a lokacin, da hantsi, duka ne kamar ana rushe gari. Katanga tana girgiza, ƙasa tana zuba a kan shanyata. Bulo ɗaya ya faɗo, na biyu ya biyo shi, sai ga fuskar Mama Ihuoma ta yi fari fat da ƙurar siminti, gudumar Dzarma a hannunta, mace mai jikoki huɗu. Daga bayanta ina jin Dzarma yana roƙo, "Madam, sabon filasta ne fa," Cosmas yana dariya har da tari.

Tana haki ta ce, "Ya Bintu, ina langata?"

Na so in ce ai tawa ce, sai na fasa. Na sunkuya na ɗauko ta daga gindin katangar, inda kwana ukun nan kullum nake zuba abinci in ajiye, in ya huce in juye in sake zuba wani. Na miƙa mata ta cikin ƙurar. Ta buɗe murfin, ta taɓa shinkafar da bayan yatsa, ta ji da ɗuminta. Sai ta ajiye gudumar, ta zauna a kan bulon da ta fasa, ta fara ci da hannu ko wankewa ba ta yi ba.