Mai Ƙararrawar Cocinmu, Kawu Ladru

Ƙarfe shida na safe Kawu Ladru Mendonsa yake buɗe ƙofar coci, ya cire takalmi, ya kama igiyar ƙararrawa. Shekara arba'in da bakwai ke nan yana wannan aiki, har ƙarar ta cinye masa kunne guda. Matarsa Sevrin takan ce ba ƙararrawa ba ce, tun yana saurayi ba ya jin magana.

Masu aikin bulo ne suka gina cocin nan a gefen birnin Mangalor, suna ɗauko dutse a ka bayan an tashi daga aiki, kakan Ladru yana cikinsu. Su suka bar mana al'adar bugun mutuwa: uku-uku in namiji ne, biyu-biyu in mace. Da an ji, sai kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo bakin ƙofa ya tambaya, "Wa muka rasa?" Ladru ne ke faɗin sunan. A wurinmu, mamacin da ba a tambaya ba kamar bai taɓa zama a unguwar ba ne.

Sai jami'a ta zo. Gonakin kwakwa suka koma ɗakunan kwanan ɗalibai, 'ya'yanmu suka sayar da gidaje suka tafi Dubai, ni ma nawa suna can. Ɗaliban ba su da laifi, babu wanda ya koya musu al'adar. Cocin da a da yake cika har waje yanzu benci huɗu ya ishe mu.

A daminar da ta wuce Sevrin ta rasu. Limamin cocinmu, Fada Noronha, ya ce zai buga ƙararrawar a madadinsa, Ladru ya ƙi. Ya buga biyu-biyu da hannunsa, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Ɗalibai suna ta wucewa da lema, suna sauri. Ya kusa awa guda a tsaye kafin ya juyo.

"Fada, ko wani ya tambaya ban ji ba? Ka san kunnen nan nawa."

Fada ya ce har gobe ba ya son tuna wannan tambaya. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, don ina gida na ji bugun, na ce sai ruwa ya tsaya.

Kawu Ladru, kai ne ka faɗi sunan uwata da na ubana a wannan ƙofa, ba ka taɓa bari an binne kowa shiru ba. A ƙarshen watan nan za ka ajiye igiya, kafaɗa ta gaji, kuma babu wanda ya zo koyo. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara.

Ku da kuka rage a unguwar nan, in wata rana kuka ji uku-uku, in ma an sami mai bugawa, ku fito ko ana ruwa. Ku tambaya da ƙarfi.