Katangar da Ta Kauce a Gidan Tanna

Duk wanda ya kama haya a gidan Inna Tanna a Tasawa, abin da yake fara tambaya shi ne katangar gabas. Tana tafiya sambal, sai ta yi wani ɗan ciki waje, sannan ta koma hanya. Wasu su ce magini ne bai iya ba. Tanna ba ta tanka musu, kuma ita ba mace ba ce mai barin magana ta wuce ta.

Mijinta, marigayi Gado, shi ya gina gidan da hannunsa, ginin ƙasa, ɗakuna jere da tsakar gida mai dogon yaro. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, sai ta matsa ɗakin ƙurya, ta zuba ’yan haya a sauran, yawancinsu malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma’aikatan da aka turo daga nesa. Nan ta ga halin mutane. Wannan ya buga ƙusa har bango ya tsage, wancan ya ɗaure akuya tana lasar yaɓe, ga rigimar kuɗin kuran, wato wutar lantarki, da ba ta ƙarewa, kowa yana rantsuwa fitila ɗaya yake kunnawa. Masai ya cika, ita za a kira. Indararo ya toshe, ita za a kira. Duk wannan tana iya haƙuri da shi, amma doka ɗaya ce ba ta ɗaga wa kowa: ba a zuba ruwa a gindin katanga. Ruwan alwala ma in ya gangara can, ranar sai maƙwabta sun ji muryarta. Katangar ita ce abin ƙarshe da Gado ya ɗora, har sawun yatsunsa na nan a jikin yaɓen.

Wata shekara aka turo wani malami, Abdussalamu, wanda ake kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, da matarsa Sakina, ’yar wani ƙauye ta wajen Kanan-Bakashe, da tsohon ciki. Tanna ta dube ta sama da ƙasa.

“Ke ba gida za ki haihuwa ba? Cikin hwari hwa ne.”

Sakina ta sunkuyar da kai. “Inna, uwata ta rasu. Babu wadda zan tahi wurinta.”



Ranar da Sakina ta sauka, da hantsi Mushe ya dawo daga asibiti da wani ƙunshi a tsumma, ya tsaya tsakar gida kamar wanda ya ɓata hanya. Mabiyiya ce aka ba shi. A gidan uban yaro ake binne ta, shi kuwa gidan ubansa na can nesa, nan kuma ko ƙusa sai ya nemi izini.

“Inna, ki gahwarce ni. Ban san inda zan sa ta ba. Gidan ba namu ba ne.”

Maganar ta soki Tanna. Tunda aka gina gidan nan ba a taɓa binne mabiyiyar kowa a cikinsa ba, ita ta fi kowa sani. Ta karɓa da hannu biyu, ta wanke ta sarai, ta haƙa rami a lungun bayan ɗakin su Sakina, daf da katangar gabas, ta rufe da kanta. Ta jima a durƙushe kafin ta tashi.

Sai batun wankan jego. Makewayin gidan na kowa da kowa ne, ga gwauraye suna shiga da fita, mai jego ba ta wanka a nan. Wurin da ke da sutura ɗaya ne, lungun nan na gindin katanga. Tanna ta je ta tsaya tana kallonsa, ta shafa sawun yatsun Gado. Daga nan ta ɗora tukunya, ta karyo ganyen dogon yaro.

Safe da yamma tana fyaɗa wa Sakina ruwan zafi, tana yi tana faɗa. “Tsaya mana, ɗiyata. Wanga ruwa da kike gudu shi ka gyara ki.” Ruwan kuwa yana gangarawa inda ta hana kowa zuba ko kofi ɗaya. Ta ja masa ’yar hanya da fartanya, bai hana ba. Gindin katanga ya yi baƙi, ya fara zubar da gari. Haladu magini ya leƙo ya girgiza kai.

“Inna, wagga katanga ba ta ganin kaka in ba a daina ba.”

“Na ji. Yarinya ba ta yi arba’in ba.”

Tana jin tsoro, ba ta ɓoye wa kanta ba. Kullum da ta gama wankan sai ta dafa katangar, ta ce a ranta Gado ya yafe mata. Amma ba ta rage ko ƙwarya ɗaya ba, don ta ga yadda jikin Sakina ke dawowa, ga jaririya Kausar tana ta cika hannu.

Katangar ta jira aka yi arba’in. Ruwan farko na damina, da rana tsaka, ta zauna ƙasa gaba ɗaya, ba ta taɓa kowa ba. Sakina ta fito tana kuka, tana cewa ita ce sanadi. Tanna ma ta yi hawaye, sannan ta share ta kore ta ɗaki kada sanyi ya kama goyo.

Da Haladu ya zo gini, ya ja igiyarsa, sabon tushe ya faɗo daidai kan lungun. Ya ɗaga diga, Tanna ta riƙe masa hannu.

“Nan ba a haƙawa. Kauce.”

“Inna, gini zai karkace.”

“Shi karkace. Akwai mai wurin.”

Haka ya zagaye, yana gunaguni za a ɓata masa suna a gari.

Bayan shekaru aka ɗauke Mushe zuwa Mayahi. ’Yan haya sun shigo sun fita, wani ma ya nemi ya ɗaure ragonsa a cikin lanƙwasar, ya sha faɗan da bai manta ba. Tanna na share wurin kowace safiya. In an yi hutun lakwal, Sakina takan kawo Kausar ta kwana biyu, yarinyar kuwa da ta shigo can take nufa da kayan wasanta. Rannan wata sabuwar ’yar haya ta tambayi Kausar ko ita ma baƙuwa ce. Kafin yarinyar ta buɗe baki Tanna ta amsa daga bakin murhu.

“Mu duka zuwa muka yi, har ni. Ita kaɗai ce ’yar gidan.”