Wutar da Ba Ta Barin Garwashi

Masu zuwa aikin Hajji sukan koma gida suna cewa Makka ba ta san sanyi ba. Ba su taɓa kwana a ɗakin ƙasa na gidan Goggo a unguwar Jarwal ba. Ɗaki ne na dutse, a jikin ma'ajiyar ruwa, rana ba ta leƙa shi daga fitowarta har faɗuwarta. Idan watannin ɗari suka kama, iska ta gangaro daga duwatsu, sai damshin bangon ya shiga gwiwoyin Inna ya zauna. Tun doguwar tafiyarmu daga gida zuwa Makka ta Sudan take fama da sanyin ƙashi, kuma tun rasuwar Baba maganinta ya zama guda ɗaya: garwashi.

Goggo 'yar wan mahaifin Baba ce, amma a Makka aka haife ta, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Mijinta yana da shagon yadi. Su ne a benen sama, mu da sauran marasa ƙarfi muna ƙasa. Kafin gas ya shigo, kullum bayan magariba nakan ɗauki kasko in hau madafinta. An gama girki, gawayi ya zama ja, ba shi da sauran amfani a wurinsu. Sai in kwashe, in lulluɓe shi da toka, in sauko a hankali. Inna ta miƙe ƙafafunta a gefensa, ɗumin ya kai ta har asuba, da safe kuma mu tona mu hura wutar koko. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sadaka. Haka ake yi a ko'ina: mai wuta yana ba maras wuta.

Ina budurwa a lokacin, kaina cike da ƙananan littattafan soyayya na Larabci da nake ara a wurin wata maƙwabciya, duk bangonsu ya yage. Saboda haka ranar da aka kunna butagas a madafin Goggo, wato murhun nan na gas, ni ce na fi kowa murna. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi, ba toka, ta yi zobe kamar awarwaron amarya. Na tsaya ina kallonta har na manta da kaskon da ke hannuna. Da aka gama girki Goggo ta murɗa wani ɗan maɓalli, wutar ta ɓace. Na duba ƙarƙashin tukunya, ƙarfe ne kawai yana hucewa.

"Me kike nema, ya bint?" in ji Goggo, wato yarinya da Larabci. "Halas, shi ke nan, zamanin toka ya wuce."

Ba a daɗe ba ta sa aka shafa wa gidan farar ƙasa, sannan ta tara mu a tsakar gida. Ta ce ta tausaya mana, gas ya yi tsada a wannan sanyi, ga azumi ya matso, masu sayarwa sun ƙara masa kuɗi, ta san ba za mu iya ba. Don haka kowane ɗaki ta saya masa ƙaramin murhu da tukunyar gas, kuma ita za ta riƙa biyan cikawa, saboda Allah. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta sake ganin gawayi a gidanta, yana ɓata mata bango. Mata suka yi ta godiya. Inna ma ta yi, a hankali, tana shafa gwiwa.

Da gas ɗin ne mai kawo shi ya shigo rayuwata. Saurayi ne dogo, yana zuwa da amalanken jaki, yana buga sifana a jikin tukunya don a san ya iso. Ni a kunnena wannan ƙara ta fi algaita daɗi. A raina na ƙirƙira masa tarihi irin na littattafaina: ɗan babban gida ne da aka zalunta, yana ɓoye asalinsa, wata rana zai ajiye tukunyar ya dube ni ya faɗi maganar da zan riƙe har mutuwa. Abin da yake faɗa mini kullum shi ne, "Matsa, ya ukhti, da nauyi," wato 'yar'uwa. Ko wannan ɗin nakan juya shi a raina har in sami ma'ana a ciki.

Ba mu daɗe ba muka gane cewa taimakon Goggo yana da ƙafa, yana saukowa bene. Takan shigo ba sallama, ta kama kunnen tukunyar ta ɗaga, ta jijjiga, ta kara kunnenta tana sauraren abin da ya rage.

"Wannan ta yi sauƙi da yawa. Rago kuke dafawa a ɓoye?"

"Tuwo ne dai, Yaya," in ji Inna.

"Tuwonku na ƙauye da sai an wuni ana tuƙi. Ku ci burodi mana kamar mutane. Kuma in gaya miki, gas na girki ne, ba na jin ɗumi ba. Na ji an kunna shi ba tukunya a kai, wallahi sai na ɗauke abina."

Inna ba ta taɓa kunna shi don ɗumi ba. Ta lulluɓa da duk zannuwan da muke da su, amma da safe sai na kama ta take iya miƙewa. Tafiyarta zuwa Harami, wadda ita ce daɗin zamanta a Jarwal, ta koma sai ta dafa kafaɗata, muna tsayawa a kowace kwana.

Wata Juma'a da la'asar Goggo ta yi baƙi. Ta aiko in zo in wanke kofunan shayi. Ina shiga na ji ƙamshin turaren wuta, na ga kaskon turarenta na azurfa cike da garwashi ja. Ashe tana da gawayinta na musamman, a kan gas ɗin ma take kunna shi. Ina wanke-wanke ina jin ta tana ba matan labari, rabi da Larabci rabi da Hausa, yadda ta ɗauke wa miskinai na ƙasa nauyin gas a wannan tsada. Suna ta sa mata albarka. Da suka tafi, turaren ya ƙone, garwashin yana nan da ransa.

"Goggo, ko in sauka wa Inna da wannan? Ƙafar ta hana ta barci."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Na ba ku gas, kuna roƙon toka. Ku dai ba a iya muku." Ta ɗauki kwanon ruwan da nake ɗauraye kofuna ta juye a kai. Ya yi cuu, tururi ya tashi. Har yau idan ruwa ya zuba a kan wuta na ji wannan ƙara, fuskarta nake gani, kuma ba na yi mata addu'a.

Dabarar dutse ta Inna ce. Tana da ɗan dutsen niƙa, baƙi, mai santsi, wanda ta ɗauko tun daga gida ta ƙi yarda a jefar da shi ko a hanya. Idan na ɗora tuwo sai ta sa in jingina shi a gefen wutar, ƙarƙashin gindin tukunya, inda harshen wutar ke fita a banza. Kafin tuwo ya nuna dutsen ya ɗauki zafi. Mu naɗe shi a tsohon zane, ta sa shi tsakanin gwiwoyinta. Bai kai garwashi daɗewa ba, amma yana kai ta barci. Ba mu ƙara ko numfashi ɗaya na gas saboda shi ba, domin Inna da kanta take kashe wutar da zarar na sauke.

Saurayina na mafarki ne ya tona mu. Ya zo canza tukunya, ya ga dutsen a kan murhu ya yi baƙi da zafi, ya tambaya, ni kuma don in ja hirar ta yi tsawo na ba shi labari duka. Ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, na ɗauka ranar da nake jira ce ta zo. Ya hau sama da tukunyar Goggo, ya ba ta labarin a matsayin abin dariya: mutanen ƙasa suna dafa dutse.

Ta sauko kafin ya kai ga jakinsa.

"Ina dutsen? Ni ina biya, ku kuna gasa duwatsu?"

"Yaya, zafin da ke tafiya a iska ne yake kamawa. Ba mu ƙara komai ba."

"Iskar ma ni na saya. Komai a ɗakin nan da ya yi ɗumi, da kuɗin mijina ya yi shi." Ta ɗauki dutsen, ta ga ya ɓata mata hannu da baƙi, ta wurga shi tsakar gida. "Ba don ƙanina marigayi ba, da tuni kuna kwana a gindin dutse ku ji ɗumin da kyau."

Inna mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce mini, "Ɗauko mini dutsena. In kin dawo ki kwance wannan abin ki kai mata ƙofa."

"Kin san abin da kike yi?" in ji Goggo. "Ba gawayi a gidana."

"Na sani, Yaya. Allah ya ba da lada."

Na gangara tukunyar a tsakar gida tana ƙara a kan duwatsu, matan sauran ɗakuna suna leƙe ta labule, kowacce tana tsoron tata tukunyar. Na bar ta a gindin bene. Mai gas yana bakin ƙofa yana gyara wa jakinsa igiya. Na lura a ranar cewa kunnuwansa manya ne, kuma yana wari irin na abin da yake sayarwa.

Kafin azumi ya kama mun koma unguwar Tandabawi, can saman tudu, wani ɗaki na katako da kwano da wata mata 'yar Chadi ta ba mu haya. Iska tana shiga ta ko'ina, ya fi na Goggo sanyi. Matar tana soya ƙosai a ƙofar gida. Yammacin farko na tsaya daga nesa da kasko a bayan zanena. Ta hango shi, ta miƙo hannu, ta cika shi, ta watsa toka a kai, ta ci gaba da kwashe ƙosanta ba ta ko dube ni ba.

Inna ta yi barci har na tashe ta sallar asuba. Amma tudun nan ya fi ƙarfin gwiwoyinta. Ta hau shi sau ɗaya, ba ta ƙara sauka da ƙafarta ba. Matar da ta ƙetare ƙasashe don ta zauna kusa da Ɗakin Allah ta koma sallah a bakin ƙofa, tana jin kiran salla yana tasowa daga ƙasa, kaskon a gefenta. Na tambaye ta sau ɗaya ko in je in ba Goggo haƙuri mu koma. Ta tura dutsen cikin toka da yatsan ƙafarta, ta ce in ƙaro mata garwashi kafin mai ƙosai ta kashe wuta.